Laftof na shanye min data da zarar na haɗa da hotspot

Maman_Khalil:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin shigar da bayanai a wani ofis a Jekadafari, can akwai Wi-Fi, ba ruwana da lissafi. Matsalar sai na dawo gida Tumfure da kwamfutar. Ina kunna hotspot na waya, kafin in gama tura fayil ɗaya na Excel sai saƙo ya shigo wai data ta ƙare. Ko YouTube ban buɗe ba, yara ma ba sa taɓa ta. Wani lokacin kuma ga MiFi ɗin maigida (ƙaramar na'urar da ke ba da Wi-Fi) a kunne, amma sai ta tsallake shi ta kama wayata. Windows 11 ce a kai. Yaya zan yi?

MaiGyara_Bolari:
Wa alaikumussalam Hajiya. Ita kwamfuta ba ta san wanne intanet ne na ofis, wanne ne na aljihunki ba. Da ta ga Wi-Fi sai ta saki jiki, ta hau sauke Windows Update, OneDrive (ma'ajiyar fayiloli ta intanet) kuma ya hau ɗora fayiloli, duk a bayan fage. Sai kin gaya mata da kanki.

Ki haɗa da hotspot ɗin, ki shiga Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ki danna sunan wayarki, ki kunna Metered connection. Daga nan za ta riƙe yawancin abubuwan nan masu nauyi. Kowane layi da nasa saitin, don haka ki yi wa MiFi ma, na ofis kuwa ki bar shi yadda yake.

Batun tsallake MiFi kuma, a wannan shafin dai akwai Connect automatically. Ki cire alamar a kan wayarki, ki bar ta a kan MiFi, shi ke nan.

Abba_Pantami:
Ƙari a kan maganar Malam. Anti, kafin ki canza komai ki leƙa Data usage, yana ƙarƙashin Advanced network settings. Zai jero miki abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce, ki ga ɓarawon da idonki. A wurina Chrome ne, saboda shafukan da nake bari a buɗe. A nan ɗin ma ana iya sa iyaka, ta gargaɗe ki idan kin kusa kai wa.

Sannan masu haɗa waya da kebul na USB su kula. Ya fi tsayawa, kuma wayar na caji, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan an ɗauke wuta. Amma kwamfuta a matsayin Ethernet (intanet ta kebul) take ganinsa, wancan saitin na Wi-Fi bai shafe shi ba, sai an sake kunna Metered a ɓangaren Ethernet.

MaiGyara_Bolari:
Haka ne Abba. Abu ɗaya dai Hajiya, kada ki bi shawarar masu cewa a kashe update gaba ɗaya, irin waɗannan kwamfutocin ake kawo min shago da matsala. Idan kin je ofis da safe ki danna Check for updates ta sha ta ƙoshi a can.

Maman_Khalil:
Na duba, OneDrive ne a sama, hotunan bikin ƙanwata yake ta ɗorawa. Na kunna Metered ɗin a duka biyun. Allah Ya saka da alheri.