Idan Abokin Aiki Ya Koma Wani Wuri

An tattauna kan abin da ya kamata mutum ya yi idan abokin aikinsa zai koma wani wurin aiki. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa kewar abokin aikin da ya tafi ba abin kunya ba ce. Mutumin da kuke wuni tare, wanda ido kawai za ku haɗa a taro ku gane juna, dole tafiyarsa ta bar giɓi.

An fi daɗewa ana magana kan satin ƙarshe kafin ya tafi. Ka taya shi murna da zuciya ɗaya, ka daina roƙonsa ya fasa, domin ya riga ya gama lissafinsa. Ka zauna da shi ya nuna maka inda fayiloli suke, da ayyukan da ya bari ba a kammala ba, da waɗanda yake kira idan abu ya cije. A rubuta komai. In ba haka ba, za ka yi ta damunsa da waya kan aikin da ya riga ya sauke, kuma a ganina wannan ya fi nisa saurin kashe zumunci.

Wasu sun ja kunne kan wanda zai gaji kujerarsa: kada a riƙa auna shi da wanda ya tafi, balle a gabansa.

An ɗan saɓa kan ci gaba da zumunci. Wasu na ganin a tsayar da ranar haɗuwa tun kafin ya tafi, don "sai mun yi waya" ba ta cika tabbata ba. Wasu kuma suka ce a bar shi ya saba da sabon wurin tukuna, kada jinkirin amsa saƙo ya zama abin zargi.