Taliya da soyayyen nama cikin miyar madara: me ke sa miyar tsinkewa?

Uwar Biyu, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina son haɗa taliya da soyayyen naman shanu cikin miyar kirim, wato maiƙon madara da ake sayarwa a kwali, na mutum huɗu. Matsala biyu ke damuna: naman na fitowa da tauri, miyar kuma tana tsinkewa, ruwa gefe guda, gudaji gefe guda. Da rabin kilo na nama nake yi, a kan gaz. Ina kuskuren yake?

Mai Kasko, Yamai:
Wa alaikumus salam Hajiya. Taurin tun daga wurin mahauci yake farawa. Shanunmu na kiwo ne, suna tafiya mai nisa, namansu ba kitse sosai, kuma wanda ake sayarwa da safe yankan ranar ne, tsokar ba ta saki ba. Ki ce a ba ki file, wato tsokar nan doguwa da ke kwance a cikin ƙashin baya. In babu, ki karɓi fo-file, wato tsokar da ke saman ƙashin bayan. Cinya da wuya na miya ne, ba sa laushi a minti biyar. Ki bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a firigo, a rufe.

Wajen yanka, ki duba inda zaren naman ya nufa ki yanka a gicciye, kauri kamar santimita 2. Ki tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, domin jiƙaƙƙen nama dahuwa yake yi cikin ruwansa, ba ya soyuwa. Gishiri da masoro sai dab da sawa a wuta. Kasko mai kauri, man gyaɗa cokali biyu, ki jira sai ya fara hayaƙi kaɗan. Yanka biyu ko uku a lokaci guda, kada ki cika kaskon, in kin cika zafin zai faɗi nama ya tsatso ruwa. Minti 3 kowane gefe, ba juyawa ba dannawa. Ki kwashe ki rufe minti 5 kafin ki yayyanka. Bota a ƙarshe ake sa ta, in kin fara da ita ƙonewa za ta yi ta ba ki ɗaci.

Inna ta Tawa:
Ɗiyata, miyar abu uku ke tsinka ta: wuta mai yawa, tsami, da madara marar maiƙo. Kirim na kwali mai maiƙo kashi 30 cikin ɗari yana jure zafi, mai kashi 12 ko 15 ba ya jurewa. Nono da kindirmo kuwa kada ki ma fara, da sun ji wuta sun zama gudaji.

Kada ki wanke kaskon da kika soya nama, wannan jan da ya kama gindinsa shi ne daɗin. Ki rage wuta, bota cokali biyu, albasa ɗaya babba yankan ƙanana. Ta Galmi ta fi, tana narkewa ta yi zaƙi. Minti 5, sai tafarnuwa ƙwara huɗu, ita rabin minti ya ishe ta. Ki zuba ludayi ɗaya na ruwan taliya ki kankare gindin da muciya, sannan kirim kwali biyu na santilita 20. Ya riƙa motsi a hankali, kada ya tafasa. In za ki sa tumatirin gwangwani, cokali ɗaya, ki soya shi da albasar tukuna. Lemon tsami sai an sauke.

In kirim ya yi tsada, bayan albasar ki barbaɗa fulawa cokali ɗaya da rabi, ki juya minti ɗaya don garin ya dahu, ki zuba madarar gwangwani marar sukari guda biyu da ruwa daidai yawanta, kaɗan-kaɗan kina juyawa. Fulawar ce ke hana ta tsinkewa. Cukunmu na nan ba ya narkewa cikin miya, sai dai ki daka ki yayyafa a sama.

Malam na Wadata:
Abin da Inna ta faɗa haka yake. Taliyar kuma giram 400, ruwa lita 4, gishiri cokali biyu, ba mai. Ki tsame ta saura minti 2 a kan lokacin da aka rubuta a leda, kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi, ta ƙarasa nuna cikin miyar. Ki ajiye kofi ɗaya na ruwan don sassauta miya in ta yi kauri. Ki ɗanɗana kafin ki jefa Maggi, ruwan da gishirinsa.

Inda na saɓa da Mai Kasko: minti 3 zai bar ja a tsakiya, kuma yawancin gidajenmu ba a cin haka. In ana son ya nuna sarai, gara a yanka shi siriri kamar na tsire, minti ɗaya da rabi kowane gefe. Nama da ruwan da ya tsatso a faranti su shiga ƙarshe, bayan an kashe wuta. Da zafin Yamai, ragowar ta shiga firigo kafin awa ɗaya.

Uwar Biyu, Yamai:
Allah ya saka da alheri. Inna, in ta riga ta tsinke fa, akwai gyara?

Inna ta Tawa:
In yanzu ta fara, ki sauke nan take, ki zuba kirim mai sanyi cokali biyu ki buga da maburgi, takan haɗe. In gudajin sun yi tauri, sai dai ki tace ki sake kaɗa wata da fulawa.