Hoton Sallah: farar shadda, fuskar tsofaffi da sukuwar dawaki

Autar Zaure: Assalamu alaikum, yayyena, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema kafin Sallah. Bara na ɗauki Abbanmu a ƙofar gida bayan an sauko daga Idi, sai farar shaddarsa ta fito fes kamar takarda, ko aikin wuya ba a gani, fuskarsa kuma ta yi duhu. Waya ce kawai gare ni. Yaya zan yi bana?

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam, Auta. Wayarki ba ta yi laifi ba. Daga hantsi zuwa azahar rana a tsakar ka take, ido ya faɗa cikin inuwa, farin kaya kuma ya cika kyamara da haske. Ki tsayar da shi a bakin zaure ko gindin darbejiya, ya fuskanci inda haske ke shigowa. Ki taɓa fuskarsa a jikin wayar, sannan ki rage hasken kaɗan har zaren aikin ya fito. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya tayar da shi daga baya, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan.

Maman Biyu: Ki riƙa goge gilashin kyamarar da gefen mayafi. Ranar Sallah hannu ba ya rabuwa da maiƙon miya da cincin, shi ne hazon da kike gani a hoto.

Ɗan Katsina: Wajen gyara, ki sauke manhajar Snapseed. Ta Google ce, kyauta ce. Akwai Selective a ciki: ki ɗora ɗigo a kan fuska ki haska ta ita kaɗai, shadda na nan yadda take. Ni Lightroom na fi sabawa da ita, amma ga mai farawa Snapseed ta fi sauƙi.

Yaya Babba: Ku haska, amma don Allah kada ku sauya wa mutane launin fata. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. An turo mini hoton Hajiyarmu na Babbar Sallah, an goge mata tsagar da ke kumatunta, an mayar da ita fara sol, har lallen hannunta ya koma ruwan lemo. Na daɗe ina kallo ban ga mahaifiyata a ciki ba. Wannan hoton ne jikokinta za su gada. Wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran fuska a kunne, ku shiga ku kashe shi. Su kansu masu ƙera waya sun san kyamara ta daɗe tana tauye baƙar fata, shi ya sa Google ya fito da Real Tone, fasahar fitar da launin fata yadda yake, a wayar Pixel 6 a 2021.

Ɗan Katsina: Gaskiya ne, Yaya. Ni idan na ga ƙofofin gashin fata sun ɓace, na san na wuce gona da iri, sai in koma baya.

Sabon Shiga: Dawaki fa? Idan za a yi hawa bana, ina son zuwa Hawan Daushe a Kano.

Malam na Zariya: Ka yi sa'a, da yamma ake yinsa, washegarin Sallah, lokacin da haske ya yi laushi, jan kayan dogarai da adon 'yan lifidi su fito sosai. Ka je Ƙofar Kudu ta gidan Sarki da wuri ka kama wuri, rana a bayanka. Idan kyamarar wayarka na da Pro, wato inda kake saita ta da kanka, ka sa gudun ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa lokacin jafi, in babu ka yi ɗaukar jere, ka zaɓi ɗaya cikin ashirin. Kada ka matsa gaban doki saboda hoto. Ƙurar ma ka bar ta a ciki, tana daga cikin hawan. UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024, don haka ka adana asalin hotunan.

Maman Biyu: Adanawar ma, WhatsApp yana matse hoto. Ku tura a matsayin fayil, ko ku danna HD. Sannan hoton matar wani ko 'yar wani, a tambaye ta kafin a ɗora a Facebook.

Autar Zaure: Allah Ya saka da alheri. Gobe bayan La'asar zan sa ƙanena ya sa farar rigarsa, in gwada a bakin zaure. Yaya, na duba yanzu, ashe gyaran fuskar a kunne yake a tawa, na kashe.