Shawarwarin Injiniyoyin Sauti Kan Rashin Daidaiton Bes a Manyan Filayen Wasa

A manyan filayen wasa, bes, wato sauti mai kauri, kan yi yawa a wasu kujeru ya yi ƙaranci a wasu. Injiniyoyin da suka tattauna wannan matsala sun yi ittifaƙi cewa laifin yawanci na wurin ajiye sabufa ne, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Idan aka jibge su gida biyu, dama da hagun dandamali, sautinsu kan ƙarfafa juna a tsakiyar fili, amma ya soke juna a wasu wurare na gefe. Tsawon igiyar sauti a 50 Hz (girgiza 50 a cikin sakan ɗaya) ya kusa mita 7, saboda haka bambancin nisa na mita 3.4, wato rabin tsawon igiyar, daga mai sauraro zuwa ɓangarorin biyu ya isa ya shafe bes a kujerarsa.

Mafi yawansu sun fifita a rataye sabufa wuri guda a sama, ko a jera su kusa da juna a gaban dandamali, a ɗan jinkirta sautin na gefe domin ya bazu. Gargaɗin da ya fi nauyi, a ganina, shi ne cewa mai sarrafa mikisa, wato na'urar haɗa sauti da daidaita shi, kan zauna a tsakiya inda bes ya fi yawa, don haka wajibi ne ya zagaya kujeru ya auna, domin ƙara ƙarfi ba ya cike gurbin da sokewa ta haifar.