Baje kolin zane a lokacin da kuɗi ya yi wuya: in yi ko in dakata?

Mai_Burushi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar nan a ba ni shawara. Ni mai zane ce, wani gidan baje koli ya yi min alkawarin baje kolina na farko ni kaɗai, yanzu kuma mai gidan yana cewa kasuwa ta mutu masu saye sun janye, wai ko dai a ɗaga sai baɗi ko in yarda a karya farashin zanen duka. Abin da ya ɗaure min kai shi ne har yanzu ina ganin labarin ana sayar da zane ɗaya miliyoyin daloli a gwanjo, to wace kasuwar ce ta mutu?

Tsohon_Dillali:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai gidan bai yi miki ƙarya ba, labarin da kike gani ma gaskiya ne, kasuwa biyu ce ake kira da suna ɗaya. Ranar 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, a ranar kuma aka fara gwanjon ayyukan Damien Hirst, mai zane ɗan Birtaniya, a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan, cikin kwana biyu aka tashi da kusan fam miliyan 111, mutane suka ce ai harkar zane ba ruwanta da karayar tattalin arziki, ba a yi wata biyu ba kaya suka fara kwantai a gwanjo, a 2009 cinikin zane na duniya ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma a Fabrairun 2009 ɗin aka yi gwanjon zane-zane da kayan fasaha da Yves Saint Laurent, shahararren mai tsara tufafi, da abokinsa Pierre Bergé suka tara, a Faris aka samu sama da yuro miliyan 370, a Mayun 2010 kuma wani zanen Picasso ya haura dala miliyan 106. Attajiri in ya tsorata sunan da ya daɗe yake bi, wanda mai shi ya rasu ba za a ƙara yin wani ba. Sabon hannu irinki da matsakaitan gidajen baje koli su ke shan wuyar.

Shawarata kar ki taɓa farashin da aka rubuta. Wanda ya sayi aikinki bara in ya ga an karya yau zai ji an cuce shi kuma ba zai dawo ba. In mai saye ya zo da gaske a yi masa rangwame tsakaninku, ko ya biya kaɗan-kaɗan. Kuma ki guji gwanjo yanzu, zanen da bai kai kuɗin da aka gindaya ba ana rubutawa ne, kowa zai gani a intanet shekara da shekaru.

Ummu_Launi:
Baba dillali maganarka gaskiya ce amma ta mai abin hannu ce wlh. Ita fa fenti za ta saya, haya za ta biya. 'Yar'uwa ni abin da nake gani ya fi shi ne ki bar manyan a kuɗinsu, ki yi ƙanana a kan takarda masu sauƙin kuɗi, wannan ba karya farashi ba ne tunda aikin daban ne. Sannan abin da ba wanda ya faɗa, gidajen baje koli na rufewa a irin wannan lokaci, yawanci rabin kuɗi suke ɗauka la'ada kuma daga ciki suke biyan haya da ma'aikata da kuɗin rumfa a manyan kasuwannin zane irin Art Basel, in ciniki ya tsaya ba sa daɗewa. Kar ki bar zane ko ɗaya a hannunsu sai da takarda mai sa hannu cewa naki ne ajiya kika ba da, da ranar da za a biya ki in an sayar.

Malamin_Zane:
Ni damuwata duk an mai da maganar ta ciniki. Baje kolin farko ba don sayarwa kaɗai ake yinsa ba, nan ne masu sharhi da jami'an gidajen tarihi za su ga aikinki a jere a bango ɗaya, kuma lokacin da kasuwa ta yi sanyi sun fi samun sukunin tsayawa su duba da kyau. Hirst ɗin da aka ambata yana ɗalibi a 1988 ya haɗa abokan karatunsa suka baje aikinsu a wani gini da ba kowa a bakin tashar jiragen ruwan Landan, ba su jira dillali ba. A Amurka ma lokacin babbar karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 gwamnati ta kafa shiri a 1935 tana biyan masu zane albashi, Jackson Pollock da Mark Rothko duk sun ci moriyarsa tun ba a san su ba. Ki yi baje kolinki, 'yata. Baɗin da ake ce miki ba wanda ya san yadda za ta zo, bayan da kasuwa ta faɗi a 1990 masu kuɗin Japan suka janye, shekaru aka kwashe kafin ta miƙe.

Mai_Burushi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To malam in mai gidan ya dage sai an ɗaga fa?

Malamin_Zane:
Ki nemi ya ba ki rana a rubuce. In ya ƙi, ki karɓo zanenki, ki nemi masu zane biyu ko uku ku haɗa kuɗi ku kama wuri na ɗan lokaci, gine-ginen da ba kowa suna yawa a irin wannan yanayi kuma masu su kan sassauta haya. Ki gayyace shi ranar buɗewa, kar ku rabu da faɗa.