Ina so in hau tsaunukan Grindelwald a farkon Yuni, dusar ƙanƙara ta narke kuwa?

Hassana, Bern

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan ta Switzerland. Wata tara ke nan da zuwana Bern karatu daga Zariya. Duk ranar da gari ya washe, in na tsaya a bayan majalisar tarayya, sai in hango duwatsun nan uku, Eiger da Mönch da Jungfrau, farare fat kamar an jingina su a ƙarshen gari. Tun lokacin sanyi nake cewa in Allah ya kai mu zafi sai na je gindinsu na ga ciyawar nan da furannin da ake ta ba ni labari.

To yanzu zafi ya shigo, har mutane sun fara wanka a kogin Aare. Wata abokiyar karatuna ta ce hanyar da ta fi kowace kyau ita ce a hau jirgin ƙasa zuwa Schynige Platte, a taka da ƙafa ta dutsen Faulhorn har zuwa tashar First da ke saman ƙauyen Grindelwald, wajen kilomita 16, tafiyar kamar awa shida. Ina so mu je ranar Asabar ta biyu a watan Yuni, ni da ƙawata 'yar Maraɗi da ke karatu a Fribourg. Ban taɓa hawan dutsen da ya wuce Kufena ba, kuma kambas kawai gare ni. Shin dusar ƙanƙarar ta narke a lokacin? Kambas zai isa? Kuma yaya kuke yi da salla a can sama? Na gode.

Malam Sani, Zurich

Wa alaikumus salam ƙanwata. Niyyarki mai kyau ce, amma don Allah ki ajiye wannan hanyar sai Yuli ya yi nisa ko Agusta.

Yunin Bern daban ne da Yunin kan dutse. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan maki 6. Bern tana wajen mita 540, Faulhorn kuwa mita 2,681, ya ma ɗara Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsawo a Najeriya. Ranar da kike neman inuwa a Bern, can sama lokacin sanyi bai gama tattara kayansa ba. Kuma dusar ba ta narkewa bai ɗaya. Gefen dutsen da ke kallon kudu yana shan rana, sai ki ga ya yi kore shar. Ki zagaya gefen arewa, ko wani lungu da inuwa ke kwana a ciki, sai ki tarar da ita jibge ta haɗiye hanya. Hanyar Faulhorn tana ratsa irin waɗannan wurare da yawa.

Kada ki ɗauka irin garin nan ce mai laushi da kika gani yana zuba a Janairu. Wannan tsohuwa ce, ta narke ta daskare sau ba adadi. Da safe tauri gare ta kamar daɓen siminti, ga santsi. In tana kwance a gangare mutum ya zame, babu abin kamawa, kuma yawanci duwatsu ne ke jiransa a ƙasa. In rana ta take sai ta yi laushi, ƙafa ta riƙa nutsewa har gwiwa.

Ni abin da ya same ni ma wani ne dabam. Shekarata ta biyu a nan, tsakiyar Yuni, ina tafe ni kaɗai na iske dusa ta rufe wani ɗan kwari, faɗinta bai wuce taku goma sha biyar ba, a shimfiɗe, ga sawun mutane a kai. Ina jin ƙarar ruwa amma ban kawo komai a raina ba. Ina tsakiya sai ƙafata ta dama ta burma har cinya. Da na leƙa ramin sai na ga duhu, ga ƙorama tana gudu a ƙarƙashina. Ashe ruwan ya cinye dusar ta ƙasa, ɓawon sama ne kawai ya rage, masu sawun kuma da sassafe suka wuce tana da tauri. Na kwanta rub da ciki na ja jikina baya. Allah ya tsare, targaɗe kawai na samu, amma awa uku na yi ina ɗingishi da jiƙaƙƙiyar safa kafin in kai tasha. Tun daga ranar, in na ji ruwa yana kuka a ƙarƙashin dusa ba na takawa, ko sawun mutum ɗari na gani.

Shawarata, ku je Schynige Platte ɗin, amma ku tsaya a zagayen da ke kusa. Jirgin yana tashi daga Wilderswil, tsohon jirgi ne mai haƙora tun na 1893, yana rarrafawa kusan minti 50 ya sauke ku a mita 1,967. Bakin tashar akwai lambun furannin tsauni da aka buɗe a 1929, kowane tsiro da sunansa a jiki. Daga nan akwai gajeruwar hanya zuwa Daube da Oberberghorn, inda za ku hango tafkin Thun da na Brienz a ƙasa, Interlaken a tsakaninsu.

Ki lura da alamomi. Allo rawaya zalla hanya ce ta kowa. In kin ga fenti fari da ja da fari a jikin dutse, hanyar tsauni ce, tana son takalmi mai riƙe idon sawu mai kaushin tafi, kambas ba zai yi ba. Fari da shuɗi da fari kuwa ba naku ba ne. Daren Juma'a ki duba kyamarorin tashoshin a intanet ki ga dusar da idonki, ki duba shafin hasashen yanayi na MeteoSwiss don hadari, shafin SchweizMobil kuma yana nuna hanyoyin da aka rufe. Ki ajiye 1414 a wayarki, lambar Rega ce, masu ceto da jirgi mai saukar ungulu. Ku fita da jirgin safe, domin a tsauni hadarin zafi da yamma yake haɗuwa, kuma ba ya jira. In kin ga walƙiya ki ƙirga, duk daƙiƙa uku kafin tsawa kilomita ɗaya ne. In ƙirgar tana raguwa, ku sauka daga ƙololuwa.

Maman Hanifa, Thun

Hassana, ki ji maganar Malam Sani. Ni bari in ƙara miki ta ɓangarenmu na mata. Abaya mai jan ƙasa ki bar ta a gida, wurin hawa za ki riƙa taka bakinta, ga taɓo duk inda dusa ta narke. Ni wando mai faɗi nake sawa da riga zuwa gwiwa, sai ƙaramin hijabi da nake cusawa cikin wuyan riga saboda iska. Ki sa kaya marasa nauyi hawa-hawa, ki ɗora rigar ruwa a jaka ko da rana ta ƙwalle. Safa biyu.

Kada ki ce mu baƙaƙe ne rana ba ta yi mana komai. Can sama haskenta ya fi kaifi, dusa kuma tana dawo da shi ta ƙasa. Na taɓa dawowa idanuna suna yaji kamar an zuba barkono, kwana biyu ina hawaye. Tabarau mai duhu dole ne, da man kare fata, da man leɓe.

Salla ba ta da wuya. A Yuni azahar sai wajen ɗaya da rabi take shiga, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, don haka la'asar za ta iya jiranku ku sauko. Ki yi alwala a tasha kafin ku kama hanya, domin ruwan ƙorama a lokacin nan ƙanƙara ce da ta narke ɗazu, hannu har ciwo yake. Ki taho da leda ki shimfiɗa ƙarƙashin sallaya, ƙasa a jiƙe take. Ki nemi dutse mai faɗi a bakin hanya, kada ki kutsa cikin ciyawa, abincin shanun mutane ne, furannin kuma da yawa doka ta hana tsinka. Ban taɓa samun wanda ya ce min kanzil ba, sai dai su ce "Grüessech", wato sannu, su wuce.

Kada ku sha ruwan ƙorama, akwai dabbobi a sama. In za ku ci abinci a can ku tambaya ko da Speck a ciki, naman alade ne, suna yawan barbaɗa shi a dankalinsu da taliyarsu.

Bashir, Innsbruck

Anti Hassana, ni shanu zan tuna miki. A tsakiyar Yuni ne makiyayan nan suke hawa da su tsauni, kamar yadda Fulani ke bin ciyawa, su yi wata uku zuwa huɗu a can suna yin cuku. Suna da kyau da ƙararrawarsu, amma saniya mai maraƙi ba ta son a shiga tsakaninta da ɗanta. A nan Tirol, a ƙasar Austriya, a 2014, shanu sun kashe wata Bajamushiya da ke tafe da karenta a kwarin Pinnis, har magana ta je kotu. Ku ba su tazara, ku rufe duk ƙofar shinge da kuka buɗe.

Amma Malam, ba gara su je tafkin Bachalpsee daga First ba? Hanyar mai faɗi ce, ƙasa da awa ɗaya.

Malam Sani, Zurich

Ita ma ba laifi, Bashir. Sai dai tafkin yana mita 2,265, a farkon Yuni sau da yawa rabinsa ƙanƙara ne, gefensa ruwan ƙasa da taɓo. Tunda furanni take so, ƙasa kaɗan ya fi.

Hassana, Bern

Salam 'yan'uwa, na dawo da labari. Alhamdu lillahi mun je jiya mun dawo lafiya. Allah ya saka muku da alheri.

Na sayi takalmin ranar Talata, na yi ta yawo da shi a gari don ya saba da ƙafata. Mun kama jirgin safe daga Wilderswil. Kujerun katako ne, tagogi a buɗe, yana hawa cikin daji a hankali. Muna fitowa daga wani rami sai ga duwatsun nan uku a gabanmu, ba irin yadda nake hango su daga Bern ba, sun cika sama. Ƙawata ta kama hannuna, babu wadda ta ce uffan. A tasha mun tarar da masu busa wani dogon ƙaho na itace, ya fi mutum tsawo, bakinsa a ƙasa. Ya tuna min da kakakin fadar Zazzau, amma muryarsa a sanyaye take.

Ciyawar ba ta yi tsawo ba tukuna. Wani wurin kore ne, wani wurin kuma a kwance take, launin ƙasa, a manne kamar tabarmar da ta sha ruwa, alamar dusa ba ta daɗe da tashi daga kanta ba. A irin wannan wurin ne furanni suka fi yawa, farare da masu ruwan goro-goro zuwa shunayya, gajeru, ba su wuce ɗan yatsa ba. Gaba kaɗan inda rana ta fi bugu muka ga furen da ake kira Enzian, shuɗinsa ya fi na baban rini zurfi.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wani guntun dusa a bakin hanya, bai fi tabarma biyu ba, ya yi datti, bakinsa yana ɗiga. Na tsuguna. A daidai bakin, inda dusar ta yi siriri kamar gilashi, wani ɗan tsiro ya huda ta ya fito. Karansa siriri kamar tsinken tsintsiya, a kansa ƙaramar ƙararrawa mai launin shunayya tana kallon ƙasa, bakinta a tsattsage kamar gezar gyale. Dusar ta buɗe masa ɗan rami zagaye, bai fi kwabo ba, ruwa yana taruwa a gindinsa. Na sa yatsa a ƙasar wurin, sanyi kamar cikin firji. A lambun na ga sunansa, Soldanella. Na fi minti goma a tsugune ina cewa subhanallah, har ƙawata ta yi gaba ta dawo nemana.

Mun kuma ji wani fito mai kaifi, na zaci mutum ne. Ashe wata dabba ce mai kama da rema, ta fi ta girma da gashi, a tsaye bakin raminta tana gargaɗin 'yan'uwanta. Wata dattijuwa ta ce mana tun kaka suke barci a ƙarƙashin ƙasa, ba su daɗe da farkawa ba.

Malam Sani, maganarka ta zo mana. Bayan Oberberghorn mun ɗan ƙara gaba ta wajen Loucherhorn, sai muka iske dusa ta gitta hanya a gangare, ga sawu a kai, wasu samari biyu ma sun haye a gabanmu. Ƙawata ta ce mu gwada. Na ce mu yi shiru tukuna. Muka yi shiru, sai ga ƙarar ruwa a ƙarƙashi, ƙasa-ƙasa. Na leƙa inda gangaren ya ƙare, tarin duwatsu ne. Muka juya. Raina ya ɗan sosu a lokacin, don hanyar gaba tana da kyau ƙwarai, amma ban yi da-na-sani ba.

Mun yi azahar a kan wani faffaɗan dutse, ledar Maman Hanifa ta yi rana sosai. Bashir, shanun ba su iso sama ba tukuna, a ƙasa muka ga wasu ta taga. Wajen ƙarfe uku gajimare ya fara taruwa a kan Eiger, muka bi jirgi muka sauko, muna isa Wilderswil aka fara yayyafi.

Mun sa ranar hanyar Faulhorn a Agusta in Allah ya yarda. Maman Hanifa, in kina da sarari a lokacin, muna so ki zo mu tafi tare.