Hayar gida sukutum a Zanzibar: wa ya taɓa zama a rumfar makuti?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taka da ƙafarsu, ba waɗanda suka gani a Instagram ba. Mu tara ne za mu Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, hutun Disamba in Allah Ya kai mu: ni da maigidan, yara huɗu, surukata, da ƙannensa mata biyu. Da muka buga lissafin ɗakunan otal sai muka ga gara mu kama gida guda gaba ɗayansa. To duk gidan da na buɗe hotonsa, abin da suke sawa a gaba shi ne wata rumfa a tsakar gida mai jinkar ganye, wai makuti. Maigidan ya ce shi bai ga dalilin da zai bar bukkar kakarsa a Ɗambatta ya je ya biya dala don ya zauna a wata bukkar ba. Don Allah rumfar nan tana da amfani ko ado ne kawai? Kuma me ya kamata in tambaya kafin in tura kuɗi?

Uwar Tagwaye:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ki gaya wa maigidan ya yi ta dariyarsa, kwana biyu zai yi ya ƙwace rumfar ya hana kowa.

Mun yi kwana takwas a Jambiani cikin watan Agusta. Ɗakunan kwana na siminti ne, da fanka da na'urar sanyi, amma ban da barcin dare ba abin da ke kai mu ciki. Rumfar, su banda suke ce mata, a nan muke karin kumallo, a nan yara ke kokawarsu, a nan nake shimfiɗa darduma. Makutin ganyen kwakwa ne busasshe. Ana naɗe shi a jikin ɗan kara a ɗaure, ya zama kamar falle, sai a yi ta jera fallayen wani kan wani tun daga ƙasa har ƙololuwa, kamar dai yadda ake baibaya da shuci a wurinmu. Bambancin, tasu jinkar tana da tsayi ƙwarai kuma ba bango, iska ke shiga ta ko'ina. Da tsakar rana in kika fito daga ƙarƙashin kwano kika shiga ƙarƙashinta, jikinki ne zai faɗa miki.

Sai dai mu lokacin iskar kudu muka je, wadda suke kira kusi, har da ɗan sanyi da yamma. Ku Disamba za ku, zafi ne da gumi. Ke kin fi ni bukatar rumfar. Kuma ki duba a hoto ko akwai gadajen igiya a ciki, saboda Hajiya surukarki. Tawa mahaifiyar da ta samu gado ɗaya ba ta ƙara tambayar ina tekun yake ba.

Tunda na ambaci teku: a gabas, wato Paje, Bwejuu, Jambiani, ruwa janyewa yake yi sau biyu a yini, ya tafi can nesa har sai kin hango shi kamar zare. Lokacin ne matan garin ke shiga gonakinsu na ciyawar ruwa. Abin kallo ne, amma yaro mai son wanka zai dame ki. Ki sa musu takalman roba, akwai wani abu baƙi mai ƙaya kamar bushiya a cikin duwatsun.

Ɗan Kwari:
Hajiya, ni ina bayan maigidanki, kuma ga dalilina. Na ga farashi ya faɗi warwas a watan Afrilu, na ce na yi tsintuwa. Ashe daminarsu ce babba, masika, daga Maris zuwa Mayu. Araha ba ta ado. Rumfar da na gani a hoto sabuwa fil, launin zuma. Wadda na tarar ta yi baƙi, ta zaizaye, in ka ɗaga kai kana hango sama ta wurare uku. Ruwa na sauka sai ta fara yoyo daidai kan teburin cin abinci. In ruwan ya ɗauke kuma sai garin ganye ya yi ta zuba, da kashin tsaka, ka rufe shayinka da faranti kamar mai tsoron sammu.

Da na yi wa mai kula da gidan magana sai ya ce ai makuti ba ya daɗewa, bayan 'yan shekaru dole a sauke a sa sabo, mai gidan hayar ne ya ƙi turo kuɗi daga Turai. To ni ina ruwana. Abin da zan ce miki, kada ki yarda da hoto. Ki sa a kira ki ta bidiyo da rana tsaka, mutum ya shiga ƙarƙashin rumfar ya ɗaga wayar sama. In kin ga ɗigon haske, ruwa ma ta nan zai bi. Ki tambaya wace shekara aka yi baibayar ƙarshe.

Amaryar Bara:
Anti Maman Ilham, ni abin da ya ci min tuwo a ƙwarya ba rufin ba ne, sutura ce. A talla an rubuta gida ne na ku kaɗai. Muna isa na ga katangar iya ƙirjina take, wurin ninƙayar kuma na gidaje huɗu ne, Turawa kwance a bakinsa kusan tsirara. Rumfar tamu tana kallon hanyar da kowa ke bi ya sauka bakin ruwa. Ni da na tafi da niyyar in cire mayafi in sha iska, sai ga ni da hijabi har ƙasa ina gumi a cikin gidan da muka biya.

Sannan ma'aikata. Mai shara, mai lambu, mai gyaran ruwa, maigadi, duk maza, kuma shigowa suke yi ba sallama tun da sassafe, ba don rashin kunya ba, haka suka saba da baƙinsu. Da angon ya zaunar da shugabansu ya ce iyalinsa ba ta fitowa gaban maza sai da lulluɓi, wallahi nan take ya gane, ya ce shi ma haka gidansa yake. Daga ranar suka koma zuwa sau ɗaya, kuma sai sun tsaya a ƙofa sun ce hodi, wato sallamarsu. Musulmi ne 'yan uwanmu, magana ɗaya ta isa. Katangar ce dai magana ba ta ƙara mata tsayi. Na sayi atamfofinsu guda huɗu, kanga, muka ɗaure a ginshiƙan rumfar ta gefen hanya, sannan na samu sakewa.

Ke da 'yan mata biyu za ki, ki tambayi tsayin katanga, ki tambaya ko akwai bene a maƙwabta da ke leƙo tsakar gidan. Kuma kada a ruɗe ki da cewa bakin ruwan naku ne. Kowa na bi, har da samarin nan masu tallar yawon kwalekwale.

Maman Ilham:
Kai, Amarya, Allah Ya saka. Wannan ko a mafarki ban kawo shi ba. Ɗan Kwari, na karanta wa maigidan saƙonka, yanzu sai hura hanci yake.

Injiniya:
Hajiya, ni abu ɗaya zan roƙe ki, ki ja kunnen ƙannen nan: ban da turaren wuta a ƙarƙashin makuti. Uwargidana ta kunna kasko bayan magariba ta ajiye a bakin rumfa, iska ta ɗebi tartsatsi ta yi sama da shi. Maigadinmu, wani dogon Bamasaye, wato ɗan ƙabilar Masai, ban san yana da gudu haka ba. Ya sure kaskon ya kife a rairayi yana ta faɗa da yarensu. Allah Ya kiyaye ba abin da ya kama. Busasshen ganyen kwakwa da iskar teku, kin san sauran. Gashin kifi ma can nesa suke yin sa, kuma da gangan ne ake gina rumfar ware da ɗakuna. In gidan da kika zaɓa har ɗakunan kwanan makuti ne, ki duba yadda aka ja wayoyin wuta, ki tambayi ina tukunyar kashe gobara take.

Wutar lantarki daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Daga Disambar 2009 zuwa Maris 2010 tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu da layin ya lalace, har yanzu suna ba da labarin. Yanzu ba haka ba ne, amma ana ɗaukewa, don haka ki tambaya ko akwai janareto ko sola, kuma wa zai sayi mai. Mitar gidanmu ta kati ce, ba wanda ya gaya min ba ta cikin kuɗin haya sai da ta ƙare da daddare muna tsakiyar barci. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, ba sai kin sayi komai ba.

Ruwan famfo a gabas na rijiya ne, da zartsi-zartsi. Ya yi wanka da alwala, sabulu ne dai ba ya kumfa sosai. Na sha da na shayi ki sayi na roba manya.

Malam na Damagaram:
Hajiya, Allah Ya kai ku lafiya. Ni ba hutu ya kai ni ba, ɗana ne ya ja ni, muka sauka Kizimkazi can kudu. Na zauna na kalli masu baibaya suna aiki a gidan maƙwabta yini guda. Hannu ɗaya ne da namu, kayan ne suka bambanta. Mu shuci da kaba, su ganyen kwakwa da igiyar ɓawonta. Na ce wa ɗana, da kakanka ya ga ana biyan kuɗin waje don a zauna a inuwar jinka, da ya riƙe baki.

Ki gaya wa Alhaji kada ya damu da salla, kusan kowane ƙauye da masallacinsa. Galibinsu Shafi'awa ne, zai ji liman yana bayyana Bismillah kafin Fatiha, kada ya ɗauka kuskure ne. Akwai tsohon masallaci a Kizimkazi Dimbani mai rubutu a bangon alƙibla tun shekarar 500 bayan hijira, wato 1107. Na yi azahar a ciki.

Abin da ya ba ni kunya shi ne agogo. Direba ya ce zai zo saa mbili, jikana ya duba waya ya ce ƙarfe biyu ke nan, muka ce to sai bayan azahar. Ƙarfe takwas na safe sai ga mutum yana hon, ni ina kishingiɗe a rumfa da kofin shayi. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, bakwai na safe ita ce ɗaya a wurinsu. Duk wanda ya ba ku lokaci da Swahili, ku sa ya nuna muku a fuskar waya.

Uwar Tagwaye:
Malam ya tuna min. Hankakin garin nan! Ba irin namu masu farin ƙirji ba, ƙanana ne masu toka-tokan wuya, kuma ba su da kunya ko ɗis. Na ajiye wa tagwaye soyayyen ƙwai a rumfa na juya ɗauko cokali, kafin in dawo faranti fes. Rumfa ba ƙofa, kowa baƙonki ne. Da magariba kuma sauro, ki tafi da man shafawa. Yaji da kuka da daddawa ma ki ƙulla, kukunmu ya iya pilau, wato shinkafarsu mai kayan ƙamshi, da kifi da romon kwakwa, amma a kwana na huɗu maigidana ya fara mafarkin tuwo. Garin masararsu na ugali ya yi mana daidai.

Ɗalibi a Darussalam:
Mama, ni nan nake karatu, jirgin ruwa awa biyu ne tsakaninmu da tsibirin, na raka baƙi daga gida sun fi sau biyar. Tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu, dala 44 ga babba, ko da yana da wata. Ku yi ta ta intanet kafin ku taso, ku riƙe katin rigakafin shawara na kowa, maganar biza kuma ku fara ta tun yanzu. Akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baƙo, ku tambaya ko yana cikin farashin, don na mutum tara ba ƙaramin abu ba ne.

Wani kawuna ya tura kafin alƙalami rabin kuɗi ga wani dillali da ya samu a WhatsApp. Muka je gidan, gidan gaskiya ne, rumfar ma tana nan yadda take a hoto, amma masu gidan ba su taɓa jin sunan mutumin ba. A otal suka ƙare. In ba ta manhajar da ke riƙe kuɗi har ku isa za ku biya ba, to a samu wanda zai je ya tsaya a ƙofar gidan ya kira ku.

In yaran wanka suke so kowane lokaci, ku duba Kendwa ko Nungwi a arewa, can ruwan ba ya gudu sosai. Sai dai hayaniya da kiɗan dare sun fi yawa, ban san ko Hajiya Babba za ta jure ba.

Ɗan Kwari:
Duk kun gama yabon bukka, har yanzu ba wanda ya ce min tasa ba ta zubar da gari a shayi.

Uwar Tagwaye:
Kai ka je da damina don araha, Alhaji, kada ka ɗora wa ganye laifi.

Maman Ilham:
Jama'a na gode, Allah Ya bar zumunci. Jiya mun yi kiran bidiyon da wani gida a Bwejuu. Katanga ta fi tsayin mai riƙe da wayar, ba bene a kusa, janareto akwai. Da ya ɗaga wayar a cikin rumfar na ƙirga ɗigon haske biyu, ya rantse za a sa sabon makuti kafin Disamba, na ce a rubuta min a takardar haya. Ɗalibi, zan neme ka ta akwatin saƙo ko za ka leƙa mana kafin mu biya. Surukata ta karɓi wayar ta ce a nuna mata gabas daga cikin rumfar, da inda za ta ajiye butarta. Maigidan kuwa bai ce komai ba, sai da aka kashe wayar ya tambaye ni ko gadon igiyar guda nawa na gani.